Yadda Za Ki Shiga Gidan Fatalwa Da Yaranki Ki Fito Da Girmanki

"Yaran nan so suke su ga bayana," in ji Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyata, muna shanya a bayan gida. "Duk faɗin duniya a ce hutun makaranta ba inda za a kai ni sai wani tsohon gida da matacciya ke yawo a ciki? Har sun yanki tikiti. Ni da ko labule ya motsa sai na yi salati! Ke da kika je wancan hutun kika dawo ana ta ba da labarinki, yaya kika yi?"

Na ce mata tukunyata na kan wuta, ta bari zan rubuto mata. To ga shi, Maman 'Yan Biyu. Ki karanta ke kaɗai, kada ki ba yaro ya karanta miki. Na yi miki alkawari, in sha Allahu, in kika bi matakan nan yadda na jera su, za ki shiga gidan nan ki fito ba ɗa ba jika da zai san cikinki ya kaɗa. An gwada, ya yi.

Ki fara sanin abin da za ki je karewa. Ba ranki ba ne, rai yana hannun Mai shi. Girmanki ne. Shekara da shekaru ke ce mai cewa, "Je ka ɗauko min bokiti a baya, me zai kama ka?" Ke ce mai leƙa ƙarƙashin gado in an ɗauke wuta. Ranar da yara suka ga kin tattare zani kin zura da gudu, wannan muryar ta mutu, ko cokali kika aiki yaro sai ya yi miki murmushi. Kuma yanzu kowa da waya a hannu.

Mataki na 1: Kada ki ce ba za ki je ba

Wadda ta ce ba ta zuwa ta riga ta tona kanta. Ni babbar 'yata ce ta kawo maganar, wadda muke ce wa Mai Waya saboda ko atishawa kika yi sai ta ɗauka. Kuma ba ta tashi kawowa ba sai a gaban Gwaggonsu, ƙanwar babansu, wadda tun ranar da aka kawo ni gidan take jiran ta ga na yi tuntuɓe.

Gwaggo ta ce, "Ai ku bar Mamanku ta huta a gida. Irin wuraren nan sai mai zuciya."

Na ce, "Ƙarfe nawa za a tashi?"

Haka za ki yi. Ki yi mita a kan nisan hanya, ki yi mita a kan wankin da za a bari, ki yi mita a kan wanda zai ba kaji ruwa. Fatalwar kuwa kada ki ko ambace ta. In an ambata, ki ce wanda ya mutu ya mutu, yana can yana ji da hisabinsa, ba shi da lokacin buɗe wa mutane ƙofa. Gaskiya ce kuwa, kanki ya san haka. Gwiwarki ce ba ta je islamiyya ba.

Mataki na 2: Kayan aiki

Alwala tun daga gida, ki kuma riƙe ta.

Hijabi mai jan ƙasa, mai kauri. Yana rufe carbi, yana rufe gwiwa. Abin da gwiwa take yi a ciki tsakaninta da Ubangijinta ne.

Takalmi mara tsini, wanda ya kama ƙafa. Ba don gudu ba, Allah ya kiyaye, don matakala.

Babbar jaka: fulas ɗin shayi, burodi, dafaffen ƙwai, tabarmar salla. Mace mai kaya ba a sa ran ta shiga gaba. Amma shayin na yara ne, ke kada ki sha ko kurɓi ɗaya a hanya. Kuma da kun isa, kafin a karɓi tikiti, ki nemi banɗaki, ko kina ji ko ba kya ji, sannan ki sabunta alwalar. Wannan shawarar kaɗai ta isa ki yi min addu'a.

Mataki na 3: Ki samu hannun da za ki riƙe

Hannun miji ba ya cikin lissafi. Babansu mai gyaran wutar lantarki ne, mutumin da ke hawa sandar wuta ana ruwan sama. Muna tsayawa a ƙofar gidan nan, ya ɗaga kai ya ga tagogi dogaye baƙaƙe ƙirin da ganyen da ya nannaɗe bango, sai ya fara shafa aljihu.

"Ku shiga, bari in duba ko na kulle mota."

Na ce, "Ka kulle, a gabana. Har ka ja ƙofar."

Kada ki bar shi ya tafi. In namiji ya tsere tun a ƙofa, duk idon yara kanki zai dawo.

Hannun da za ki riƙe na auta ne. Ki damƙe shi ki ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Kada ki ji tsoro, ina nan."

Tawa ta ce, "Mama, ni ba tsoro nake ji ba. Hannuna kike matsewa."

Na ce, "Rufe min baki. Bai iso miki ba ne tukuna."

Wurin tsayuwa kuma tsakiya. Na gaba shi ke fara gani, na baya shi ake taɓawa.

Mataki na 4: Ki raina gidan

Za a haɗa ku da mai zagayawa da baƙi. Namu wani siriri ne da baƙar kwat, riƙe da fitilar ƙwai da rana tsaka, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon maƙogwaro. Ya ce gidan wani attajiri ne na zamanin da. Matarsa ce ke riƙe da makullan duk ɗakunan, ba ta taɓa ba kowa ba, har ta mutu da su a ƙugu. Wai har yau ana jin ta tana zagayawa tana gwada ƙofofi.

A daidai nan tsigar jikinki za ta tashi. Maganinta ɗaya: ki daina kallon gidan da idon baƙuwa, ki kalle shi da idon matar gida.

Ya nuna mana falo, kujeru lulluɓe da fararen zannuwa, agogon bango ya tsaya. Na ce, "Duk yawan ma'aikatan nan ba mai share yanar gizo-gizo?"

Ya nuna mana dogon tebur an jera farantai, ya ce tun ranar da ta mutu ba a kwashe ba. Na ce, "Ai shi ya sa take yawo. Ni ma da na tashi."

Ƙofa ta yi ƙara ita kaɗai. Na ce, "Mai ne babu. Dogo, kana gani, haka ta ɗakinka za ta koma." Dogo shi ne ɗana na biyu, ya fi babansa tsawo, bai kai shi hankali ba.

Akwai hoton matar a bango, duk inda kika tsaya idonta na kanki. Kada ki kalli idon. Ki kalli ɗinkin rigar, ki ce an ɓata wuyan.

Yara za su yi ta dariya suna cewa, "Kai, Mama!" Bar su. Mai faɗa ba a ganin tsoronta, faɗan ake gani.

Mataki na 5: Ki cusa addu'a cikin faɗa

Bakinki ba zai daina motsi ba, kuma bai kamata ya daina ba. Ayatul Kursiyyu, Falaƙi da Nasi, duk abin da kika haddace ranarsa ce. Amma in yara suka ga leɓe na ta rawa za su gane. Saboda haka duk inda kika kai ƙarshen aya, ki tsawata wa wani. Ki karanta, ki ce, "Dogo, sauke hannunka daga kayan mutane." Ki karanta, ki ce, "Ke, ɗaura igiyar takalminki."

Wani lokaci salati zai kuɓuce miki da ƙarfi. Ni a kicin ɗin ƙasa ya same ni, wata iska mai sanyi ta busa min a wuya, sai ji na yi na ce, "Innalillahi!" Kowa ya juyo, Mai Waya har ta ɗaga wayar. Kada ki tsaya. Ki nuna abu mafi kusa.

"Dubi tukunyar nan. Tukunya kamar wannan a bar ta ta yi tsatsa!"

Ki lura, ban ce ki yi ƙarya ba. Ƙarya haramun ce a gida, haramun ce a gidan fatalwa. Tukunyar ta yi tsatsa da gaske.

Mataki na 6: Sallama

Nan ki nutsu, don nan ne tawa ta kusa ƙarewa.

Ni ba na shiga ɗaki ba sallama, ko da kowa ko ba kowa. Haka aka tashe ni. To gidan nan ɗakuna ne rututu, kowace ƙofa na yi. Mai fitila ya fara hararata, don ina ɓata masa shirun da yake sayarwa. Gwaggo ta ce, "Wa kike wa sallama ne, kujeru?"

Na ce, "In ba su amsa ba, mala'iku sun amsa."

Muka hau sama. Doguwar baranda ce mai duhu, katako na kuka a ƙarƙashin ƙafa, a ƙarshenta ɗakin kwanan matar. Mai fitila ya tsaya a bakin matakala ya ce shi iyakarsa nan, ba ya shiga wancan ɗakin, zai jira mu a ƙasa. Ya sauka da fitilarsa. Yana sauka muka fara jin ƙarar makullai, kacau, kacau, daga cikin ɗakin.

Auta ta fizge hannunta ta koma bayan Dogo. Kin ga amanar yaran zamani.

Gwaggo ta matsa gefe ta buɗe min hanya. "Bismillah. Ke da ba kya tsoron komai, shige mana gaba."

Mai Waya ta saita wayarta a bayana. Ba gaba ba baya, Maman 'Yan Biyu. Na gyara jakata, na sa ƙafar dama. Gado ne babba mai labule, madubi ya dushe, ga wani ƙaton kabad na baƙin katako a jikin bango. Bakina ya yi abin da ya saba.

"Assalamu alaikum."

Daga cikin kabad ɗin muryar mace ta ce, "Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuh."

Cikakkiya. Ba ta rage ko harafi ba.

Abin da ya faru a bayana ban gani ba, ji na yi. Kamar an saki awaki a kan rufin kwano. Na gane takun Babansu, don shi ne ya fi nauyi kuma shi ne ya fara isa ƙasa. Na ji Gwaggo tana kiran sunan mahaifiyarta da ta rasu tun kafin a haifi Dogo.

Mataki na 7: In ƙafa ta mutu, ki bar ta a mace

Za ki so ki gudu. Ni ma na ba ƙafata umarni, ba ta karɓa ba. To ki gode wa Allah, don daga baya ba a bambance wadda ta tsaya saboda jarumta da wadda ta kasa motsi. Duk hijabi ɗaya ake gani a tsaye.

Kuma ki bar bakinki ya ci gaba da aikinsa. An amsa miki sallama, me ke biyo baya? Nawa bai tambaye ni ba.

"Ina wuni?"

"Lafiya lau," in ji kabad.

"Ya aiki?"

"Da godiya."

Sai ƙofar ta buɗe kaɗan. Mace ce kamar sa'ata, fuska an shafe da farar hoda, farar riga har ƙasa, tana zaune a kan 'yar kujera da tarin makullai a cinya. Ta sa yatsa a baki.

"Baiwar Allah, ki rufa min asiri. An hana mu magana, in manaja ya ji aikina ya tafi. Amma tun daga ƙasa nake jin ki kina ta sallama ɗaki bayan ɗaki ba mai amsawa. Abin ya tsaya min a rai. Da kika zo kaina na kasa."

Na ce, "Allah ya ba da lada." Muryar da ta fito ba tawa ba ce, amma ta fito.

"Amin. Don Allah la'asar ta yi? Ba agogo a nan ciki, kuma ba a bari mu shigo da waya."

"Ta kusa."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Ko za ki ɗan zauna a bakin gadon? Na ga hijabinki yana rawa."

Na buɗe baki zan ɗora wa iska laifi, ta riga ni. "Kuma ban kunna fankar da muke kaɗa labule da ita ba."

Muka kalli juna. Na ce, "To ki riƙe nawa, in riƙe naki."

Ta ce, "An gama."

Na tambaye ta ko ta ci abinci, ta ce tun safe take ciki, baƙi ba su yanke ba. Na laluba jaka na miƙa mata ƙwai biyu da gutsuren burodi. Ta karɓa, ta ja ƙofarta ta rufe. Ina fita na ji ta ci gaba da kaɗa makullai, da hannu ɗaya.

Wannan ma darasi ne: ko a gidan fatalwa kada ki fita ba guzuri.

Mataki na 8: Ki sauko a hankali, ki taƙaita magana

Saukowa a hankali ba zai miki wuya ba, ƙafar ba za ta iya fiye da haka ba. A tsakiyar matakala na tsinci takalmin Gwaggo ƙafa ɗaya. In kin samu irin wannan, kada ki tsallake, kyautar Allah ce. Ki ɗauka.

Na same su a lambun gaban gida sun cure wuri ɗaya. Mai fitila yana gefe yana murmushi, shi a ganinsa makullai ne suka yi aiki. Na miƙa wa Gwaggo takalminta. Kada ki ce komai. Shirun ya fi zagi shiga.

Ashe Mai Waya da ta gudu, a bakin matakala ta tsaya, hannunta bai daina ɗauka ba. Magana ba ta fito a bidiyon ba, amma ga bayana a tsaye ƙyam, ga kabad a buɗe kaɗan, ga farin hannu ya fito ya karɓi abu ya koma.

"Mama," in ji ta, "me ta ce miki?"

Na jira mai fitila ya yi nisa. Na ce, "Tambaya ta yi ko la'asar ta yi."

Gwaggo ta zauna a kan ciyawa.

"Me kika ba ta?"

"Ƙwai."

"Ta karɓa?"

"Tun safe ba ta ci komai ba."

Kin ga, ko kalma ɗaya ba ƙarya. Abin da ba a tambaye ki ba, ba dole ki faɗa ba.

Babansu ya gyara murya ya ce shi fa mota ya sauko dubawa. Na ce, "Na sani, na ji saurin da ka yi." Dogo kuma, da muka kama hanya, ya ce shi tun farko ya san mutum ce aka ajiye a ciki. Na ce, "To me ya kai ka bayan tankin ruwa?"

Kafin ku tashi, ki shimfiɗa tabarma a lambun ki yi la'asar ɗinki. Ki daɗe a zaune bayan kin sallame. Za su ce Mama ta ƙara tsoron Allah. Haka ne, kuma gwiwa na buƙatar lokaci.

Mataki na 9: Ki ci riba

Bidiyon zai zaga dangi kafin ku iso gida. Kada ki nemi a nuna miki, ki ce ba ki da lokacin shirme, sannan ki kalla a banɗaki. Tun daga ranar, in na ce a ɗauko bokiti a baya, mutum biyu ke tashi. Gwaggo da ba ta taɓa ce min Yaya ba, yanzu "Yaya, an tashi lafiya?" har da rage murya. An wanke hoton da muka yi a ƙofar gidan bayan mun fito an rataye a falo: kowa fuska a kwance kamar an dawo daga asibiti, ni kaɗai ce a miƙe da jakata.

Ba ruwana

Na faɗi abin da na sani, Allah ne mafi sani. In kin yi sallama aka yi shiru, ba ruwana. In an amsa kuma kika leƙa kabad ba kowa a ciki, wannan ya fi ƙarfin matakaina, ki nemi malami. In hawan jininki ya tashi, ko kika sha shayin da na hana ki, ko mijinki ya karye a matakala, kada a aiko min. Ba ni na yanki tikiti ba.

Abu ɗaya kuma matakan nan ba sa magani, gara ki sani tun yanzu. Jiya bayan magariba Mai Waya da Dogo suka shigo ɗakina suna ta washe baki. Wai sun ga na ji daɗin wancan hutun fiye da kowa, shi ne suka haɗu suka nemo min wanda ya fi shi. Wani tsohon gidan yari ne a tsakiyar ruwa. Asabar ta sama jirgi zai kai mu da yamma, ba ya dawowa sai gari ya waye. A ɗakunan fursunoni ake kwana. Su duk za su cunkushe a babban ɗaki kusa da ƙofa, har da Gwaggo. Ni kuma, don girmamawa, sun roƙa an ba ni na can ƙarshen baranda, wanda baƙi ba sa yarda su kwana a ciki. Ni kaɗai, wai Mama ta fi son shiru.

Na ce, "Akwai ma'aikata a ciki in dare ya yi?"

"Ba kowa, Mama. Ai shi ne daɗin."

Na ce madalla, Allah ya yi musu albarka.

Maman 'Yan Biyu, tsakani da Allah. Lafiyata ƙalau, ba zan iya cewa ba ni da lafiya ba. Ki duba min danginki da na mijinki. Ba mai tsohon ciki? Ba mai tashi daga gida da ke neman hannu? Ba wanda za a cire wa haƙori yana son mai kwana da shi? Ko mene ne, in dai na gaske ne kuma ya faɗo Asabar ta sama. Ki shigo da kanki ki roƙe ni a gaban Gwaggo, da ƙarfi, in na ƙi ki nace.

Akwai?